Zaure Ko Ƙofar Kanti: Yadda Na Gwada Hanyoyi Biyu a Dillancin Intanet

Saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumin 2024, wanda ya faɗo tsakanin Maris da Afrilu, a daidai lokacin da zafin Kano yake hawa har yakan haura digiri 40, na yanke shawarar raba wata gardama da ta daɗe tana damuna a sana'ar dillancin intanet. Idan na biya kuɗi aka nuna wa mutum talla a wayarsa kuma ya danna, shin in tura shi kai tsaye zuwa kantin da ke sayar da kayan, ko kuwa in fara sauke shi a wani shafi nawa, in yi masa bayani, sannan in miƙa shi ga kantin? Na ji masu cewa ta farko ce hanya, na kuma ji masu rantsuwa da ta biyu, amma duk wanda na roƙa ya nuna mini lissafinsa, sai ya kawo mini labarin abin da ya ji wani yana faɗa a YouTube. Tunda gani ya kori ji, sai na ware kuɗin da na san ko sun salwanta ba za su hana gidana cin abinci ba, na ɗauki littafi da biro, na fara.

Ga wanda bai san sana'ar ba, dillanci ne irin wanda muka taso muka tarar a Kantin Kwari ko a karar shanu ta Wudil, sai dai a nan mai kaya bai taɓa ganin fuskar dillalinsa ba. Kanti yana ba ka mahaɗi na musamman mai ɗauke da lambarka. Duk wanda ya bi ta wannan mahaɗin ya shiga kantin, ana ajiye wata 'yar alama a burauzar wayarsa, wadda ake kira kuki, kuma idan ya sayi kaya kafin wa'adin alamar ya cika, la'adar cinikin taka ce. Wa'adin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani: na Amazon, wanda ya buɗe shirinsa na dillalai tun 1996, awa 24 ne kacal, alhali na ClickBank, wani dandalin da ke haɗa dillalai da masu kaya, yana kai kwana 60. A Najeriya, Jumia da Konga, waɗanda dukkansu suka fara aiki a 2012, su ma sun buɗe nasu shirin, akwai kuma ƙananan kantuna da suke biyan la'ada mai tsoka domin su jawo dillalai. Da ɗaya daga cikin ƙananan nake aiki, wani kanti a Legas mai sayar da kayan sola da na caji, wanda yake aiko kaya Arewa, mai saye ya biya bayan kaya sun iso hannunsa.

Kayan da na zaɓa fanka ce mai caji, mai inci 16, wadda take zuwa da ɗan farantin sola da ƙwai biyu na haske. Na zaɓe ta ne saboda lokacinta ne, kuma saboda kuɗinta sun kai yadda talaka ba zai fitar da su ba sai ya yi tunani, ya yi shawara da iyalinsa, wataƙila ma ya jira ƙarshen wata. Akwai sharaɗi ɗaya a yarjejeniyata da kantin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin daga baya shi ne ya juya sakamakon gaba ɗaya: ba a rubuta mini la'ada a ranar da aka yi oda, sai an kai kaya, mai saye ya karɓa ya biya, kuma kwanakin da aka ba shi na maido da kaya sun wuce.

Shafin da dillali yake ginawa tsakanin talla da kanti, ni zaure nake kiransa, domin aikinsu ɗaya ne: nan ake tarbar baƙo, a gaisa, a ji abin da ke tafe da shi, kafin a san ko za a shiga da shi ciki. A kan takarda, turawa kai tsaye ta fi shi ta kowace fuska. Ba ta buƙatar sayen sunan shafi, ba ta buƙatar biyan kuɗin wurin ajiyarsa, kuma a cikin minti goma mutum ya gama haɗa tallarsa. Babbar hujjar masu goyon bayanta ita ce kowane ƙarin mataki yana zubar da mutane, kuma wannan gaskiya ce da lissafi yake tabbatarwa. A ɗauka, domin sauƙin lissafi, kowace dannawa tana cin naira 50, la'adar fanka ɗaya kuma naira 3,000 ce. Kafin uwar kuɗi ta dawo, dole a sami ciniki ɗaya cikin kowace dannawa 60. To idan na sa zaure a tsakani, kuma ɗaya bisa uku ne kawai na baƙin suke wucewa zuwa kanti, ke nan cikin waɗannan 60 mutum 20 ne za su isa, kuma dole ɗaya daga cikin 20 ɗin ya saya. Wato sai zauren ya ninka niyyar mai saye sau uku kafin ma ya yi kunnen doki da turawa kai tsaye. Wannan lissafin na rubuta shi a shafin farko na littafina, kuma shi na yi ta komawa ina dubawa har ƙarshen gwajin.

Kafin in kashe ko sisi, sai da na zauna na karanta ƙa'idoji, domin ba ko'ina ne aka bar wa dillali zaɓi ba. A Janairun 2005 Google ya kafa dokar cewa a kowane bincike talla ɗaya tak zai nuna daga cikin duk masu turawa zuwa adireshi guda, abin da ya sa dillalan da ke turawa kai tsaye suka koma kokawa da junansu, har da mai kantin kansa, a kan gurbi ɗaya. Amazon kuwa tun 2009 ya daina biyan la'ada a kan cinikin da ya zo masa kai tsaye daga tallar injin bincike da dillali ya biya. Ta ɗaya ɓangaren kuma, shi zauren ma bai tsira ba, domin Google yana ƙin amincewa da shafin da ba shi da wani amfani sai miƙa mutum zuwa wani wuri. Da na haɗa waɗannan, sai na lura cewa manyan kamfanonin sun daɗe da yanke hukuncin cewa nuna hanya kawai bai isa a kira shi aiki ba. Ni dai a Facebook da Instagram zan yi tallata, don haka na rubuta wa kantin na tambaye su ko sun yarda in tura musu mutane kai tsaye daga tallar da na biya, suka amsa cewa sun yarda muddin ban yi amfani da sunansu a matsayin sunan shafina ba. Na adana wannan amsar.

Na shirya gwajin yadda ba zan yaudari kaina ba. Hoto ɗaya, rubutu ɗaya na Hausa, jihohi huɗu, wato Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, shekaru daga 25 zuwa 55, kuma naira 4,000 a kowace rana ga kowane ɓangare, ban da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan tallar Facebook a Najeriya tun Janairun 2022. Na yi amfani da tsarin gwaji na Meta, wato kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, tsarin da yake raba jama'a gida biyu, ta yadda wanda ya ga talla ta farko ba zai ga ta biyu ba. A ƙarshen kowane mahaɗi na liƙa wata ƙaramar shaida dabam, domin idan oda ta shigo a allon lissafin kantin in san ta wace ƙofa ta biyo. Abu ɗaya kawai ya bambanta su: ɗaya tana kai mutum shafin fankar a kantin, ɗayar kuma tana kai shi zaurena.

Zauren farko na gina shi da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, a cikin kwana biyu, kuma a lokacin na yi alfahari da shi. Na kwaso manyan hotuna daga kantin, na sa bidiyo mai kunna kansa a sama, na kwafo bayanin kayan da Turanci kamar yadda yake, na fassara kanun kawai zuwa Hausa, sannan na sa babban jan maɓalli mai cewa a saya yanzu. A kwamfutata, da intanet ɗin ofis, yana buɗewa cikin ƙiftawar ido.

Bayan kwana goma sakamako ya fito ƙarara: turawa kai tsaye ta kawo oda kusan ninki biyu na abin da zauren ya kawo. Na kusa rufe littafin a nan, in ce masu hanyar farko sun yi gaskiya. Abin da ya tsayar da ni shi ne wasu lambobi biyu da na gani a jere. Da yake shafin nawa ne, na dasa Meta Pixel a cikinsa, wato ɗan rubutun da yake sanar da mai talla abin da baƙo ya yi bayan ya danna, kuma da shi ne ake iya bambance yawan waɗanda suka danna da yawan waɗanda shafin ya buɗe musu da gaske. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ta ba ni tsoro, domin kusan rabin mutanen da na biya kuɗin dannawarsu sun juya tun kafin su ga komai. A ɓangaren turawa kai tsaye kuwa ba ni da irin wannan idon ko kaɗan, domin shafin ba nawa ba ne. Abin da nake gani kawai shi ne kuɗin da suka fita da odar da ta shigo, duk abin da ya faru a tsakani yana cikin duhu.

Da yammacin wata Asabar, bayan an sha ruwa, na je shagon kawuna da ke ɗinki a Fagge, mutumin da ya daɗe yana kukan zafin shagon da tsadar man janareta. Na roƙe shi ya buɗe tallar a wayarsa, wata tsohuwar Itel mai tsagaggen gilashi, ni kuma na tsaya a bayansa ban ce uffan ba. Ya danna ta zauren. Farin allo ya fito, ɗan zanen da ke sama yana rarrafe, ya jira, ya karkata wayar wajen ƙofa ko sabis zai ƙaru, sannan ya ce, "Kai ɗana, wannan abin naka zai cinye mini data ne kawai," ya koma baya. Na ce, "Kawu, yi haƙuri ka gwada ɗayar." Shafin kantin ya buɗe da sauri fiye da nawa. Ya kalli hoton, ya ja ƙasa da babban yatsansa wanda allura ta yi wa kanta, ya tarar da jerin lambobi da haruffan Turanci, ya ɗago kai ya tambaye ni, "To awa nawa take yi idan an ɗauke wuta? Kuma idan batirin ya mutu, ana samun irinsa a Sabon Gari, ko shi ke nan an yi asara?" Na duba shafin kantin daga sama har ƙasa, babu amsar ko ɗaya. Na tuna nawa shafin, shi ma babu, tunda kwafe na yi.

A hanyar komawa gida na gane cewa gwajin kwana goman nan bai auna abin da na yi niyyar aunawa ba. Na gwada ƙofar kanti ne da wata ƙofar da ta fi ta nauyi kuma ba ta ƙara komai ba, don haka dole ta sha kaye. Dillalin Kantin Kwari ba don ya san lambar shago ake ba shi la'ada ba. Ana ba shi ne domin ya san wace shadda ce take zuba, wace ce take jure wanki, kuma yana iya faɗa wa baƙon da ya zo daga Agadas ko Maraɗi da harshen da zai fahimta. Ni kuwa na tsaya a tsakani ina karɓar la'ada a kan kayan da ban taɓa riƙewa da hannuna ba.

Sai na dakatar da tallar, na sayi fankar da kuɗina. Da ta iso, na kwance murfin ƙasanta na duba batirin, na tarar irin baƙin batirin nan ne mai volt 12 da amfiya-awa 4.5, wanda ake samu a hannun masu kayan lantarki a kasuwa. Idan aka ninka lambobin biyu za a sami wat-awa 54, kuma fankar da take jan wat 15 a gudu na ƙarshe ba za ta wuce awa uku da minti 36 da wannan batirin ba, komai abin da aka rubuta a jikin kwali. Na caja ta ta cika, na kunna ta a gudu na ƙarshe bayan sallar asham, na ajiye agogo, ta fara sanyin jiki tun kafin awa uku ta cika. Washegari na bar ta a gudu na farko, ta kai ni har kusan lokacin sahur. Farantin solar kuma na shanya shi a kan rufin kwano tun hantsi, na ga cewa sai ya yini a rana kafin batirin ya cika, kuma idan ƙura ta rufe shi cajin yana raguwa sosai. Duk wannan na rubuta, na kuma ɗauki hotuna da wayata, har da na batirin a tafin hannuna domin a ga girmansa.

Zaure na biyu ban sa masa ado ba. Na cire bidiyon mai kunna kansa, na matse hotunan na mayar da su tsarin WebP mai rage nauyin hoto, na rage su zuwa uku, na yi ta auna saurin shafin da ma'aunin Google mai suna PageSpeed Insights har sai da na ga yana buɗewa a wayar kawuna ba tare da ya karkata ta wajen ƙofa ba. Wani bincike da Google ya fitar a 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta waya suna barinsa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba, kuma wanda yake sayen data ta naira ɗari biyu yana lallaɓa ta, haƙurinsa bai kai na wanda aka auna a can ba. Rubutun kuwa gaba ɗaya da Hausa na yi shi, kuma tambayoyin kawuna ne suka zama kanunsa: awa nawa take yi, a wane gudu, yaya ake cajinta idan babu wutar nefa, ina ake samun batiri, nawa ne kuɗin kawowa, kwana nawa kaya suke yi daga Legas, kuma me mutum zai yi idan ya buɗe kwali ya tarar da matsala. A ƙarshe na sa hotunan allo guda uku da suke nuna yadda ake cike fom ɗin oda na kantin, inda ake rubuta suna, inda ake zaɓar jiha, da inda ake zaɓar biya bayan an kawo, domin na lura fom ɗin Turanci shi kansa katanga ne ga mutane da yawa.

Akwai sakin layi ɗaya da na yi ta gogewa ina mayarwa. A cikinsa na faɗa ƙarara cewa wannan fankar ba za ta kwana tana gudu na ƙarshe ba, ba za ta sanyaya babban falo ba, kuma wanda yake neman haka gara ya tara kuɗi ya sayi mai babban batiri. Na san wannan maganar za ta kori wasu, kuma kowane wanda ta kora na riga na biya kuɗin zuwansa. Amma na kasa samun hujjar da zan ba kaina ta ɓoye abin da na gani da idona, a watan azumi, alhali hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Na bar shi. A ƙarƙashinsa na ƙara layi ɗaya da yake sanar da mai karatu cewa idan ya saya ta wannan mahaɗin kantin zai biya ni la'ada, kuma hakan ba zai ƙara masa ko kobo a kan farashi ba.

Zagaye na biyu ya ɗauki mako biyu, ya ratsa ta cikin goman ƙarshe har bayan Sallah. A kwanakin farko, odar ɓangarorin biyu ta yi kusan daidai, abin da shi kansa ci gaba ne, tunda waɗanda suke isa kanti ta zaure ba su kai rabin waɗanda suke isa kai tsaye ba. Amma ainihin bambancin bai bayyana ba sai da kaya suka fara isa hannun mutane. A tsarin biya bayan an kawo, yin oda ba ya cin mutum komai, don haka da yawa suna dannawa ne cikin zumuɗi, idan mai kawo kaya ya kira sai su ƙi ɗauka, ko su ce sun yi tafiya, ko su buɗe kwali su ce ba haka suka zata ba. Kowace irin wannan oda, la'adarta gogewa take yi daga allona. A ɓangaren turawa kai tsaye, jan layin odar da aka soke ya yi yawa har na daina murna idan na ga sabuwar oda ta shigo. A ɓangaren zaure kuwa kaɗan ne suka dawo, domin wanda ya karanta cewa awa uku take yi kuma ya ci gaba, ya riga ya gama shawara da zuciyarsa. Da na lissafa la'adar da ta tabbata, na raba ta da yawan dannawar da na biya, zauren ne kawai ya fitar da kuɗin tallarsa har ya bar riba, ɗayar kuwa da ƙyar ta maido da uwar kuɗi. Da a ce na tsaya a kan yawan oda kamar yadda na yi a zagayen farko, da na sake yanke hukuncin da ba daidai ba.

Ana tsakiyar wannan zagayen ne wani abu ya faru da ban shirya masa ba. Wata safiya na tarar fankar ta ƙare a kantin, ba tare da an sanar da dillalai ba, kuma sun sa wata mai kama da ita a wani adireshi dabam. Tallar turawa kai tsaye ta kwana tana kai mutane shafin da ke cewa kaya sun ƙare, ina biyan kuɗin kowannensu. Domin in gyara, sai na canza adireshin a cikin tallar kanta, wanda hakan yake sa a sake duba ta kafin a sake ta, kuma yana iya mayar da ita matakin koyo, inda na'urar take sake laluben irin mutanen da suka dace. A zaure kuwa, tallar ban taɓa ta ba. Na shiga shafina na sa sanarwa cewa wancan samfurin ya ƙare, na kira kantin na tabbatar batirin sabuwar iri ɗaya ne, sannan na canza mahaɗin da ke ƙarƙashin maɓalli.

Wata ɓarakar kuma da zauren ya taimaka mini na rage ita ce ta kuki. Wanda ya danna talla a Facebook, shafin yana buɗe masa ne a cikin burauzar manhajar, kuma a nan alamar take zama. Idan ya rufe, ya yi shawara da maiɗakinsa, washegari ya buɗe Chrome ya rubuta sunan kantin da kansa, ko ya ba ɗansa ya yi masa odar a wata wayar, cinikin ya auku amma sunana ba ya ciki. Mutanenmu kuwa haka suke sayen abu mai tsada, ba a zama ɗaya ba. Na roƙi kantin suka ba ni wata kalmar rangwame ta kaina, wadda duk wanda ya rubuta ta a fom zai sami ɗan sauƙi, ni kuma a san ta hannuna ya zo. A talla babu wurin da zan yi bayanin yadda ake amfani da ita, amma a zaure na rubuta ta da manyan baƙaƙe, na nuna gurbin da ake sa ta.

Domin kada in ɗauki sakamakon kaya ɗaya in mayar da shi doka, bayan Sallah na maimaita gwajin da ƙwan lantarki mai caji, irin wanda yake ci gaba da haske idan an ɗauke wuta. A nan turawa kai tsaye ce ta yi nasara, kuma ba da ƙaramar tazara ba. Kowa ya san ƙwan, kuɗinsa kaɗan ne, babu tambayar da ke buƙatar amsa, la'adarsa kuma ba ta kai ta ɗauki nauyin mutanen da suke zubewa a zaure ba. Na tsayar da mutum ina yi masa bayanin abin da ya riga ya sani, shi kuwa so yake ya ga farashi ya wuce. Haka nan na lura cewa idan na sa mahaɗi kai tsaye a sitatus ɗina na WhatsApp, inda masu gani sun san ni sun san gidanmu, ana saye ba tare da wani shafi ba, domin ɗan bidiyon da na yi da muryata da kuma sanayyar da ke tsakaninmu sun riga sun yi aikin zauren. Abin da nake dubawa yanzu kafin in zaɓi hanya shi ne ko akwai tambayar da mai saye yake da ita wadda shafin kantin bai amsa ba, kuma ko ni na san amsarta da gaske.

Zauren yana da nasa nauyin da masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Akwai kuɗin sabunta sunan shafi da na wurin ajiya duk shekara, kuma wanda yake biya da dala ya san abin da ya same mu bayan da aka saki naira a Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Akwai kuɗin fankar da na saya, da mako guda da na yi ina aunawa da rubutu. Mafi nauyi duka shi ne, da zarar ka sa lambarka a shafi ka yi magana da muryarka, kai mutane suka sani, ba kantin Legas ba. Wata baiwar Allah daga Funtuwa ta kira ni da daddare tana cewa, "Malam, kai ka ce kwana biyar, yau kwana tara ke nan." Ba ni na riƙe kayanta ba, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka na kwana biyu ina bin kantin da waya har aka gano kayan a tashar da aka sauke su. Mai turawa kai tsaye ba ya karɓar irin wannan kiran, domin babu wanda ya san da shi.

Sannan akwai amanar lambobin waya. A ƙasan shafin na sa gurbi ga wanda yake so in sanar da shi idan farashi ya sauka ko wani kaya ya zo. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta wajabta a nemi yardar mutum a kuma gaya masa abin da za a yi da bayanansa, don haka na rubuta a fili cewa saƙon kaya kawai zan aiko, ba zan ba kowa lambar ba, kuma duk ranar da ya ce in cire shi zan cire shi.

Da damina ta sauka a watan Yuni, cinikin fanka ya mutu kamar yadda aka saba, na kashe tallar gaba ɗaya. Daga ɓangaren turawa kai tsaye babu abin da ya rage a hannuna sai rasit ɗin kuɗin da na kashe, mutanen da na kai kuwa sun zama na kantin. Daga ɓangaren zaure, shafin yana nan, kuma lambobin waɗanda suka yarda in tuntuɓe su suna cikin littafina. A watan Agusta, lokacin da hadari yake yawan sa a ɗauke wuta, na sayi wata fitila mai sola na gwada ta mako guda, sannan na aika musu saƙo ɗaya da bayanin abin da na gani. Mutum huɗu suka ce in cire su, na cire su a ranar. Kawu yana cikin waɗanda suka amsa, sai dai shi bai bi ta mahaɗi ba, ya aiko yaron shagonsa da kuɗin a cikin leda, ya ce in yi masa odar da kaina, in kuma tabbatar batirinta irin wanda ake samu a Sabon Gari ne.